Shekara uku da babbar jif, da littafin da na riƙa rubuta man da take sha

Ƙanena ya kira ni ranar nan da daddare, muryarsa cike da ɗoki. Ya ce, "Yaya, na samu wata babbar jif mai silinda takwas, kujera bakwai, ko ƙwarzane babu a jikinta, kuma kuɗin da aka sa mata bai kai na ƙaramar motar da nake nema ba. Mai ita ne ya matsu." Na tambaye shi me ya matsa wa mai motar. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce bai tambaya ba. Na ce masa kada ya ba da ko kafin alƙalami, ya ba ni kwana biyu in nemo wani littafi da na ajiye.

Littafin ƙarami ne mai shuɗin bango, duk ya yi dabbare-dabbare da baƙin mai. Shekara uku yana zaune a aljihun gaban motata, lokacin da nake riƙe da irin wannan jif ɗin da ƙanena yake zawarci. Tun da na ga tambayar ko ya dace a sayi babbar jif mai araha tana yawo a bakin mutane duk sanda mai ya yi tsada, na ga gara in rubuta abin da na gaya masa a nan, ko wani zai amfana.

Bari in fara da faɗin gaskiya: na so motar nan. Har yau idan irinta ta wuce ni a hanya sai na bi ta da kallo. Wanda bai taɓa zama a bayan sitiyarin babbar jif ba, ba zai gane abin da ke jan mutane gare ta ba. Kana zaune can sama, kana hango abin da ke faruwa gaban motoci uku. Ramin da zai sa mai ƙaramar mota ya taka birki ya karkace, kai sai dai ka ji ɗan motsi a ƙarƙashinka. Yara suna baya kowa da wurinsa, babu mai cewa wane ya danne masa ƙafa. Ƙarar injin ma daban take, wani irin gurnani mai kwantar da hankali, kamar ba ta ma fara aiki ba. Duk wanda ya ce maka masu sayen irin waɗannan motoci ba su da hankali, bai yi musu adalci ba.

Rubutun ya samo asali ne daga wani abu da ya dame ni a watannin farko. Kullum ina gidan mai, amma na kasa cewa ga takamaiman abin da motar take sha. Allurar mai ba abin dogaro ba ce, takan daɗe a sama kamar ba ta motsi, daga ta sauko rabi kuma sai ta riƙa gangarawa kana kallo. Sai wani tsohon direba ya koya mini hanya mai sauƙi. Ka cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka rubuta abin da maleji ya nuna. Ka yi ta harkokinka. Ranar da ka koma, ka sake cikawa, ka rubuta lita nawa ta shiga da kilomita nawa ka yi. Ka raba litar da kilomitar, ka ninka sau ɗari. Abin da ya fito shi ne shan motarka a kowace kilomita 100, kuma wannan lissafin ba ya jin kunyar kowa.

Ga abin da ya fito mini. A cikin gari, da cunkoso da na'urar sanyaya mota a kunne, tana shan lita 19 zuwa 20 a kilomita 100. A doguwar hanya mai kyau tana saukowa wajen 13. Da na haɗa shekara guda gaba ɗaya sai ya tsaya a 17. Ƙaramar motar da na rabu da ita kafin in sayi jif ɗin, mai silinda huɗu, lita 8 take sha a irin wannan zirga-zirgar. Ina yin kusan kilomita 15,000 a shekara. Ke nan jif ɗin tana cinye lita 2,550, ƙaramar kuma 1,200. Bambancin lita 1,350 ne duk shekara. Tankin jif ɗin yana cin lita 90 da 'yan kai, wato sau goma sha biyar nake cika shi fal a shekara don biyan bambancin kawai, kafin a zo ga man da ko wace mota na hau dole in saya. Da gangan nake lissafi da lita. Farashi yana hawa yana sauka, kuma kowa da kuɗin ƙasarsa, amma lita lita ce. Ka ɗauki 1,350 ka ninka da abin da ake sayar maka da lita yau, za ka ga naka adadin.

Wanda ya buɗe mini ido sosai ita ce maiɗakina. Wata rana ina zaune ina wannan lissafin, ta leƙo ta ce, "Baban yara, ka rubuta abin da take sha, to ka rubuta ranakun da muka cika ta da mutane mana." Maganar ta tsaya mini a rai. Daga ranar na ware shafi a bayan littafin. Duk ranar da muka buɗe kujerun can baya don mutane sun fi biyar, sai in ja layi. Duk ranar da na shiga hanyar da na tabbata ƙaramar mota ba za ta fita ba, in ja layi a ɗaya gefen. Da shekara ta zagayo na ƙirga: layi tara a gefe guda, huɗu a ɗayan. Kwana goma sha uku cikin 365. Sauran kwanakin kuwa ni kaɗai ne a ciki daga gida zuwa wurin aiki, ko ni da yara biyu zuwa makaranta, kujeru huɗu ko shida suna tafiya babu kowa a kansu. Da na raba lita 1,350 da kwana goma sha uku, sai na ga kowace rana ɗaya da motar ta yi mini aikin da na saye ta dominsa, ta ci mini sama da lita 100 na ƙari. Fiye da cikin tankinta ke nan. Da kuɗin wannan man zan ɗauki hayar jif na yini guda, in ƙara da wani abu a kai idan ta kama, ba tare da na ɗauki nauyinta shekara guda ba.

Mutane da yawa suna zaton shan man nan matsala ce da bakanike zai gyara. Na ga masu canza fulogi, masu wanke nozul, masu zuba wani ruwa a tanki da aka ce yana rage shan mai. Idan inji yana da lalura, gyara yana taimakawa, amma lafiyayyar babbar jif ma haka take sha, don ginin jikinta ke nan. Irin su Land Cruiser, Nissan Patrol da Chevrolet Suburban nauyinsu yana kaiwa tan biyu da rabi ko fiye, ita kuwa mota kamar Corolla ba ta wuce tan ɗaya da ɗigo uku ko huɗu ba. A cikin gari abin da kake yi shi ne tashi da tsayawa. Duk tashi sai inji ya ƙona mai ya tura wannan nauyin daga tsaye, duk tsayawa kuma sai birki ya mayar da wannan ƙarfin zafi ya tafi a iska. Ka taɓa kusantar tayar mota bayan an sauko daga gangare, ka ji hucin da ke fitowa? Man da ka saya ne yake fita a haka. Mai tan biyu da rabi yana asarar ninki biyu na mai ƙaramar mota a kowace danja da kowane cunkoso.

A babbar hanya kuma iska ce abokiyar gaba. Gaban jif faffaɗa ne kuma dogo, kamar kana tura ƙofa cikin guguwa. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, idan ka ninka gudunka sau biyu ita sau huɗu take ninkuwa. Na gwada da kaina a hanya ɗaya, zuwa da dawowa: a gudun kilomita 100 na samu lita 12 da rabi, a 130 ta haura 15. Sai kuma jan taya huɗu. Da yawa daga cikin manyan nan kullum tayoyinsu huɗu ne ke ja, ko a kan kwalta mai santsi, kuma ƙarin ƙarafan da ke kai ƙarfi gaba da baya suna da nasu rabon a tanki. Ga faffaɗan tayoyi masu manyan haƙora. Ga zaman jira da inji a kunne: injin da girmansa ya kai lita biyar zai iya ƙona kusan lita biyu a awa guda motar tana tsaye, musamman da sanyi a kunne. Ni da nake zuwa ɗaukar yara in zauna minti ashirin ko talatin a bakin makaranta kullum, sai da na lissafa na gane nawa nake ƙonawa ina zaune wuri ɗaya. Gajeriyar tafiya ita ce ta fi muni, domin inji mai sanyi ya fi shan mai, kuma babban inji kafin ya gama ɗumama ka riga ka isa inda za ka.

Fetur ɗin ma ba shi kaɗai ba ne, shi ne dai wanda kake gani kullum. Ranar juye, babban inji yana cin baƙin mai lita bakwai zuwa takwas, ƙaramin kuwa huɗu da ɗan abu. Fulogi takwas maimakon huɗu. Man giya, man difaransha na gaba da na baya, da na akwatin da ke raba ƙarfi tsakaninsu, kowanne da lokacin canjinsa. Birki yana saurin cinyewa saboda nauyin da yake tsayarwa. Ranar da na je sayen tayoyi huɗu na farko, na tsaya ina duban takardar kuɗin na daɗe, don da kuɗin taya ɗaya zan sayi biyu na tsohuwar motata har da canji. Bakanikena ya kalle ni ya ce, "Maigida, ai komai nata babba ne, har kuɗin gyaranta."

Yanzu mu koma ga arahar da ta ruɗi ƙanena, domin nan ne tarkon yake. Duk lokacin da mai ya yi tsada, manyan motoci na hannu suna faɗuwa a kasuwa, ƙanana masu tsimin mai kuma suna tashi. An sha ganin haka. A 1973, lokacin da ƙasashen Larabawa suka dakatar da sayar wa Amurka da wasu ƙawayenta mai, farashin gangar ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni. Amurkawa suka fara gudun manyan motocinsu suna komawa ga ƙananan motocin Japan, har gwamnati ta kafa dokar hana gudu fiye da mil 55 a awa, wajen kilomita 89 ke nan, don a rage shan mai. A watan Yulin 2008 ganga ta kai dala 147. Kafin shekarar ta ƙare kamfanin General Motors ya daina ƙera manyan jif a masana'antarsa ta Janesville da ke jihar Wisconsin, inda ake haɗa Suburban da Tahoe, a 2010 kuma ya daina ƙera Hummer, wata babbar jif tasa. A 2022 bayan Rasha ta shiga Yukiren, ganga ta sake haura dala 120. A duk waɗannan lokutan za ka samu mai jif da ya matsu, yana neman wanda zai karɓa. Abin da ya matsa masa kuwa yana nan cikin motar, zai bi ta zuwa gidan sabon mai ita. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana. Rangwamen da aka yi maka ranar saye sau ɗaya ne, gidan mai kuwa kowane mako yana jiranka.

Akwai masu cewa ai mai zai sauko, kuma ba ƙarya suka yi ba, yakan sauko. A Afrilun 2020, lokacin kullen korona, farashin ɗanyen mai a kasuwar Amurka ya faɗi har ƙasa da sifili na ɗan lokaci. Bayan shekara biyu kacal ya koma inda na faɗa a sama. Mota kuwa abin riƙewa ce shekara biyar, bakwai, goma, kuma a cikin wannan tsawon za ka gamu da tsada ko sau ɗaya ne ko sau biyu. Abin da nake ba mutane shawara shi ne su yi lissafin da farashin yau, sannan su sake yi da ƙarin rabi a kan farashin yau. Idan adadi na biyu zai taɓa kuɗin makarantar yara ko na haya, motar ta fi ƙarfin aljihunka ko da kana da kuɗin sayenta a hannu.

Duk da haka akwai ranar da ba zan manta ba, kuma rashin adalci ne in ɓoye ta. Tana cikin layuka huɗun nan. An kira ni da tsakar dare cewa jikin mahaifiyata ya tashi, kuma hanyar zuwa inda take ba kwalta, ga ruwan sama da aka kwana biyu ana yi. Akwai wani kwari da ruwa ya cika, laka ta kai gwiwa, na tarar da ƙaramar mota ta kafe a gefe, mai ita yana tsaye da fitila a hannu. Na tsaya, na sa giyar ƙarfi, na shiga a hankali ba tare da na danna totur da yawa ba. Ina jin tayoyin suna neman ƙasa mai tauri ɗaya bayan ɗaya, ruwa yana bugun ƙasan ƙofa, fitilun gaba suna haska tururi. Muka fita. A dawowa na kwantar da kujerun tsakiya, muka shimfiɗa mata, ƙanwata tana riƙe da kanta har asibiti. A daren nan ko lita dubu motar ta sha ba zan ji zafi ba. Wannan daren shi ya sa na ƙara shekara guda da ita bayan lissafi ya riga ya nuna mini in sayar. Abin da ya sauya ra'ayina daga baya shi ne mahaifiyata ta dawo kusa da mu da zama, hanyar kwarin ta fita daga rayuwata, layukan gefen nan suka koma ɗaya, sannan babu.

Shi ya sa ba na cewa kowa ya guje ta. Wanda gidansa ko gonarsa ko aikinsa yake ƙarshen mummunar hanya, kuma kowane mako sai ya bi ta, jif a wurinsa kayan aiki ce. Ba banza ba ƙungiyoyin agaji da ma'aikatan haƙar ma'adinai suke dogara da Land Cruiser a sahara da dazuzzuka, mota ce da aka faro tun 1951 don irin wannan aikin. Haka wanda yake jan tirela mai nauyi, ko mai iyali bakwai da kullum tare suke fita kuma hanyarsu ba ta da kyau. Ga irin waɗannan, ƙaramar mota ce za ta fi tsada, don kullum tana gareji ana gyaran ƙafa da shokozoba. Sai kuma wanda ba ya tafiya da yawa. Idan kilomita 5,000 kake yi a shekara, bambancin da na lissafa ya sauko zuwa lita 450, kuma wannan abu ne da mutum zai iya ɗauka idan yana son motar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Hujjar da ta fi wuyar amsawa ita ce ta tsaro, kuma ita ce ƙanena ya kawo da na gama karanta masa lissafin. Ya ce, "Yaya, amma idan aka yi karo fa? Ina da yara ƙanana." Gaskiya ne, idan babbar mota da ƙarama suka haɗu gaba da gaba, na cikin babbar sun fi samun kariya, nauyi yana gefensu. Amma maganar ba ta ƙare a nan ba. Mota mai tsayi ta fi saurin kifewa idan aka karya kwana da gudu ko taya ta fashe. Na'urar da ke daidaita mota idan ta fara zamewa ta rage wannan haɗarin sosai, sai dai a Amurka daga ƙirar 2012 ne ta zama dole a kan kowace sabuwar mota, don haka tsohuwar jif mai araha tana iya zuwa babu ita. Nauyi kuma yana ƙara wa birki aiki. Sannan akwai mutanen da ke wajen motar. Cibiyar IIHS ta Amurka, wadda kamfanonin inshora suke ɗaukar nauyinta, ta fitar da bincike a 2023 cewa motocin da tsayin gabansu ya haura inci 40, kusan mita ɗaya, sun fi yiwuwar kashe mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin ɗari idan aka kwatanta da masu gajeren gaba mai gangare. Dalilin a fili yake: ƙaramar mota ƙafa take buga wa babban mutum, doguwa kuwa ƙirji, yaro kuma kai.

Wannan na gan shi da idona a ƙofar gidana. Wata safiya na shiga mota, na tayar, na duba madubai uku, na duba gaba, babu kowa. Ƙafata tana kan birki, hannuna ya kai kan giya, sai na ji maiɗakina ta ƙwala mini kira tana ɗaga hannu biyu. Na kashe motar na fito. Autarmu, lokacin shekararta uku, tana tsugune daf da lambar gaba tana ɗaukar takalminta da ya cire. Daga kujerar direba ko gashin kanta ba a gani. Na ɗauke ta, jikina yana rawa, na kasa magana. Da yamma na sa babban yayanta ya riƙa ja da baya daga gaban motar yana riƙe da sanda mai tsayinta, ni kuma ina zaune a ciki, har sai da na fara hango kan sandar. Ya yi taku da yawa kafin in gani, fiye da yadda na taɓa zato. Tun daga ranar ban sake tayar da motar ba sai na zagaya ta da ƙafa, kuma har yanzu da na canza mota ban daina ba.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne kalmar jif ɗin kanta. Asalinta sunan ƙaramar motar sojan Amurka ce ta Yaƙin Duniya na Biyu, amma yau duk mota mai ɗan tsayi jif muke ce mata, alhali tsakaninsu akwai nisa. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ce a 2023 kusan kashi 48 cikin ɗari na sababbin motocin da aka sayar a duniya irin wannan ƙirar ce, kuma a matsakaici shansu ya fi na matsakaiciyar mota da kusan kashi 20 cikin ɗari. Sai dai mafi yawansu irin su RAV4 da CR-V ne, masu silinda huɗu, waɗanda aka gina a kan ƙashin ƙaramar mota aka ɗaga su sama kaɗan. Mutumin da abin da yake nema shi ne tsayi daga ƙasa saboda ramuka da ruwan da ke kwanciya a titi, waɗannan sun ishe shi, kuma shansu kusan rabin na mai silinda takwas ne. Wanda kujeru yake nema, motar iyali irin Sienna ta fi babbar jif sarari a kujerun baya da sauƙin shiga ga tsofaffi. Daga ƙirar 2021 Sienna ta koma mai haɗa fetur da batir, kuma a ma'aunin hukumar kare muhalli ta Amurka tana shan ƙasa da lita 7 a kilomita 100. Irin wannan injin yana kama wani ɓangare na ƙarfin da birki yake zubarwa ya mayar cikin batir, shi ya sa ya fi nuna amfaninsa a cunkoso. Su kansu masu ƙera manyan sun ga inda iska ta kaɗa: sabuwar Land Cruiser da ta fito a 2021 ta ajiye silinda takwas ta koma shida, aka kuma rage mata nauyin kusan kilo 200. Wasu biranen ma sun fara ƙuntata wa manyan motoci, kamar Paris da mazaunanta suka kaɗa ƙuri'a a Fabrairun 2024 aka ninka kuɗin ajiye mota mai nauyi sau uku ga masu shigowa daga waje. Hayaƙi ma abin dubawa ne. Kowace litar fetur tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon, ke nan ƙarin lita 1,350 ɗina tan uku ne a shekara, ya fi nauyin motar kanta.

Akwai dalilin da ba a cika faɗa da baki ba, wato kwarjini. Mai gadi yana saurin buɗe maka ƙofa, ana matsa maka a hanya, ana yi maka kallon wanda ya isa. Ba na raina wannan, ɗan Adam yana son a girmama shi, kuma akwai masu sana'ar da shigarsu tana cikin jarinsu. Abin da nake roƙo kawai shi ne mutum ya kira abin da sunansa a cikin zuciyarsa. Idan kwarjini kake saye, ka san kuɗinsa lita dubu da ɗoriya ne a shekara, ka yanke hukunci da ido buɗe. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne in ga mutum da babbar mota yana zuba mata lita biyar-biyar, gilashi a sauke cikin zafi don tsoron kunna sanyi, yana ɗage juye wata bayan wata. Motar tana lalacewa a hannunsa, shi kuma hankalinsa ba a kwance ba.

Wanda kuma ya riga ya mallake ta, kada ya yi gaggawar kai ta kasuwa ranar da mai ya tashi, don ranar ce za a taya ta da mafi ƙarancin daraja, ƙaramar da zai saya kuma ranar ce ta fi tsada. Ya lissafa asarar da zai yi a musayar, ya raba da abin da zai riƙa tsimi duk shekara, ya ga shekara nawa zai ɗauka kafin ya mayar. Kafin nan akwai abin yi. Ni da na riƙa duba iskar taya duk mako biyu, na sauke ƙarfen ɗaukar kaya da ke kan rufin, na kwashe tarkacen da ke but, na daina zaman jira da inji a kunne, na tsaya a gudun 100, na kuma riƙa haɗa aike uku a fita ɗaya, shan ya sauko daga 17 zuwa 15. Lita 300 ke nan a shekara ba tare da na kashe ko sisi ba.

Na sayar da tawa a ƙarshen shekara ta uku, ga wani mai aikin haƙa rijiyoyin burtsatse wanda kusan kullum yana cikin jeji. Na ba shi makulli biyu, na nuna masa littafin ya karanta kafin mu gama ciniki, ya ce shi kwana ɗari biyu a shekara yake buƙatarta. Yanzu ina hawan motar iyali mai silinda huɗu da kujera bakwai, tana shan lita 9 zuwa 10. Sau biyu tun lokacin na ɗauki hayar jif don wata tafiya. Idan ruwa ya cika titi ina tunawa da tsohuwar, wani lokacin ma sai in juya in bi doguwar hanya.

Ƙanena ya zo ya karɓi littafin ya tafi da shi. Na ce masa ya zauna da matarsa su tuna shekarar da ta wuce wata bayan wata, su ja layi a duk ranar da motarsu ta yi musu kaɗan ko ta kasa shiga wani wuri. Jiya ya turo mini hoton takardar, layi uku ne a kai. Ya ce har yanzu zuciyarsa tana kan jif ɗin, amma ya yarda ranar Asabar mu je mu duba wata mai silinda huɗu, kuma zai taho da autarsa da sanda don mu auna abin da ake gani daga kujerar direba.